Elmina ta Ghana: kwana biyu sun isa mai iyali? Ina neman shawarar waɗanda suka san garin

Bakanon Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. In Allah Ya yarda zan kai iyali Ghana ziyarar dangi a Kumasi, ni da maiɗakina da yara biyu, namiji ɗan shekara 12 da mace 'yar shekara 7. Da jirgi za mu sauka Accra. Ina so mu ware kwana biyu yara su ga teku, kuma an ba ni shawarar Elmina, wai ƙaramin garin masunta ne mai tsohon gidan bayi na Turawa.

Abin da nake son sani: kwana biyun sun isa, ko ma yini ɗaya ya wadatar mu juyo Accra? Wace rana da wane wata suka fi? Yaya hanya take, kuma wace mota ake shiga? Sai maganar abinci da masallaci. Don Allah wanda ya san garin da kyau ya warware mini dalla-dalla. Allah Ya saka da alheri.

Ɗan Zangon Kotokuraba:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya kawo ku lafiya.

Fara cire maganar yini ɗaya daga lissafi. Masu yin haka suna barin Accra da hantsi, su iso da azahar rana na dukan ƙwaƙwalwa, su zaga gidan bayi awa guda, su koma mota. Sun ga gini, ba su ga Elmina ba. Garin masunta ne, kuma da agogon masunta yake tafiya, don haka dole ku kwana a can domin asuba ta same ku a ciki.

Ga yadda garin yake. Akwai wani tafkin ruwan gishiri da ake kira Benya, wanda bakinsa ya buɗe cikin teku. Wannan bakin shi ne mashigar kwale-kwale. Gidan bayin yana kan ɗan tsukin ƙasa tsakanin tafkin da teku, kuma gada ce ta haɗa shi da sauran gari. Wurin tsayawarku ke nan, kan gadar. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, kuma agogon Ghana yana bayan na Nijeriya da awa ɗaya, ka gyara naka tun a filin jirgi. Bayan sallar asuba ku kama hanya, ƙarfe 6 ta yi muku a kan gada. Daga nan zuwa wajen 8 kwale-kwalen da suka kwana a teku suke shigowa, wani na bin wani, suna ratsawa ta ƙarƙashin ƙafafunku.

Kada ka ɗauka irin ƙananan kwale-kwalen kogi ne. Gindinsu kututturen itacen wawa ne guda da aka fafe, sannan a ƙara masa katakai a gefe don ya yi zurfi, a ɗaura injin a gefe ɗaya kusa da baya. Babba yakan ɗauki mutum goma sha, har ashirin, da tulin koma. Kowanne da fentinsa da tutocinsa, wani tutar wata ƙasa, wani ta ƙungiyar ƙwallo, a jiki kuma an rubuta addu'a ko kirari. Da ya matso gaɓa sai samari su shiga ruwa har ƙirji da manyan kwanonin silba a ka, a cika musu, su fito ruwan kifi na tsiyaya ta wuyansu, mata na jira a bakin ruwa da kuɗi ɗaure a zane. Cinikin kifi a hannun mata yake kacokan. Suna da shugabarsu, konkohemaa, wadda ake tsayar da farashin ranar da ita, kamar yadda masuntan suke da nasu sarkin, apofohene.

Rana kuwa, ka kula da Talata. Masuntan Fante, ƙabilar wannan yankin, ba sa fita teku ran Talata, al'ada ce tsohuwa kuma har yau ana kiyaye ta. Ranar gyaran koma ce da hutu. In kana son ka ga kwale-kwale ɗaruruwa a daure sun cika tafkin, Talata ce ranarka, amma kasuwa takan yi sanyi, safiyar Laraba ma ba ta gama farfaɗowa ba. A ganina ku iso ran Laraba da yamma, ku sami safiyar Alhamis da ta Juma'a. Kwana biyu ke nan cif, kuma sun isa.

Ka duba kwanan watan Musulunci ma. Ƙananan kifayen da ake kamawa da yawa a nan, a duhun dare aka fi samun su. Daga 13 zuwa 16 ga wata, lokacin da farin wata ya cika, kamu yakan ragu, wasu ma ba sa ɓata mai su fita.

Hoto: daga kan gada ka ɗauki abin da kake so. Cikin kasuwa kuwa kada ka ɗaga waya a fuskar kowa sai ka gaishe shi ka tambaya. Matan nan sun gaji da baƙi masu ɗaukar su suna cikin aiki, kuma ba sa ɓoye ɓacin ransu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi wani abu a hannun mace tukuna, sannan ka nemi izini. Ku sa takalmin roba mai rufi wanda za a iya wankewa, don ƙasa jiƙe take da ruwan kifi da ɓawo, ga ƙarni mai ƙarfi. Ku riƙe hannun ƙaramar sosai, masu kwano a ka da gudu suke tafe kuma ba sa kauce wa kowa.

Masallaci ba matsala. Akwai zango a Elmina, akwai kuma babba a Cape Coast wajen kasuwar Kotokuraba, inda za ku iya yin Juma'a. Ka ce wa kowane direban tasi "Zongo", zai kai ka. Da Hausa za a karɓe ku, sai dai Hausar zango ce, za ka ji ana ce wa mace "ya zo", kada abin ya ba ka mamaki. A masauki, alƙibla gabas ce da karkata zuwa arewa, tekun kuma yana kudu.

Tsohon Direba:

Alhaji, bari in ɗauki maganar hanya.

Takardu tukuna. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza saboda ECOWAS, amma kowa da fasfonsa, har yaran. Abin da yake tsayar da mutane shi ne katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Ana tambayarsa a Ghana, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Saboda haka ku yi ta da wuri, ba ana gobe tafiya ba.

Daga Accra zuwa Elmina kilomita 150 ne da 'yan kai, a babbar hanyar da ta bi gaɓar teku zuwa yamma: Kasoa, mararrabar Winneba, Mankessim, Saltpond, Cape Coast, sai Elmina, kamar kilomita 12 gaba da Cape Coast. A takarda awa uku ce. A zahiri Kasoa ce take yanke hukunci, don cunkoson wurin zai iya cinye maka awa guda ko fiye. Ku bar Accra kafin ƙarfe 6 na safe, ko kuma tsakanin 10 da 12. Ku guji yammacin Juma'a da safiyar Asabar, lokacin da mutane suke kwarara ƙauyuka jana'iza.

Motocin Cape Coast da Takoradi a tashar Kaneshie suke lodi. Akwai trotro, wato ƙananan bas ɗin haya, akwai kuma masu sanyi da suka ɗan fi tsada. Da iyali da kaya, ka ɗauki mai sanyi ko babbar bas ta STC, kamfanin sufurin gwamnati. In ta Takoradi ka samu, ka gaya wa yaron mota tun kafin a tashi cewa a mararrabar Elmina za ku sauka, daga nan tasi zai shigar da ku gari cikin 'yan mintuna. In a Cape Coast aka sauke ku, tasi na haɗaka suna zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu duk yini. Nan ne baƙo yake cutuwa: direba ya gan ku ku huɗu da jakunkuna sai ya ɗauke ku shata ba tare da ya faɗa ba, a sauka ya kira kuɗi ninki. Ku daidaita kafin ku shiga, shata ce ko haɗaka, kuma nawa, har da kuɗin kaya.

Tunda Kumasi za ku, kada ku koma Accra, ɓata yini ne. Daga Cape Coast akwai hanya kai tsaye da ta yi arewa daga mararrabar Yamoransa, ta bi Assin Fosu, kimanin awa huɗu zuwa biyar. Ku tashi da safe, ba na ba kowa shawarar bin ta da dare, saboda manyan motoci da ramuka.

Kuɗi: sidi ake kashewa. Naira ba ta da kasuwa a Elmina, wanda zai karɓa ma zai karya ta. Ka zo da dala ka canza a Accra, ko ka tura wa danginka na Kumasi su tanadar maka sidi. Ka nemi ƙananan takardu da yawa, don mai kifi da mai tasi ba su da canjin babbar takarda da sassafe. Kada ka dogara da katin bankinka na gida, yakan ƙi aiki a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Bakanon Fagge:

Madalla, Allah Ya biya ku. Na karɓi shawarar Laraba zuwa Juma'a, mu wuce Kumasi ran Asabar da safe. Saura biyu: yaran sun ƙwallafa rai sai sun shiga teku, shin akwai haɗari? Maiɗakina kuma tana son ta sayi bandar kifi ta kai wa dangi tsaraba, tana tambayar yadda za a yi kada ya lalace a hanya.

Hajiyar Asawase:

Alhaji, ka ji wannan da kyau: kada yaran nan su yi iyo a tekun. Ba kamar dam ko kogi ba ne. Igiyar ruwa tana dukan gaɓa da ƙarfi, in za ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa sai ya ji ƙasa ta zame. A wasu wurare kuma ruwan da ya taru a gaɓa yakan yi wata 'yar hanya ya koma ciki da gudu, kuma abin takaicin wurin shi ya fi kama da kwanciyar hankali, don igiya ba ta fashewa a nan. Ƙwararren mai iyo ma yana jin jiki. Yawancin bakin tekun ba mai tsaro. Za ku ga 'ya'yan masunta suna tsalle cikin ruwa, su a ciki aka haife su, kada naku su yi koyi.

Abin da za a yi: a kai su bakin tekun wani otal da ke wajen gari ta yamma, inda ake share yashi. Su tsaya inda ruwa yake taɓa idon sawu, babba na riƙe da hannu, fuska na kallon teku, ba a juya masa baya. Ruwan yana cika ya janye sau biyu a yini, ku tambayi ma'aikatan lokacin janyewa. In iyo suke so, ka kama masauki mai wurin wanka na yara. Gaɓar da ke cikin gari, kusa da kwale-kwale, ba ta da tsabtar da za a zauna.

Abinci kuwa ku tsaya kan kifi, shi ya kawo ku, kuma ya raba ku da tambayar wa ya yanka. Ku ci dokunun Fante, tuwon masara mai tsami wanda ake naɗewa a busasshen ganyen ayaba, da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono da albasa. Akwai miyar ɗanyen kifi da manja da ake kira fante-fante. Baƙin yajinsu, shito, da busasshen kifi da jatan lande ake yin sa, a ɗan taɓa wa yara kaɗan don yana da zafi. Da safe akwai koko da ƙosai a bakin titi, akwai wake da shinkafa. In nama kuke so, ku saya a zango ko wajen masu tsire, waɗanda galibi mutanenmu ne. A gidajen abinci na gari a tambaya, don wasu suna haɗa nama iri-iri a tukunya guda. Ruwan sha na leda ko na gora kawai, kuma ku kwana cikin gidan sauro, gefen tafki ne.

Zuwa ga uwargida. 'Yar'uwa, banda iri biyu ce. Akwai mai taushi, wadda aka yi awa biyu ko uku a wuta, tana da daɗi amma kwana biyu ta fara yauƙi. Akwai busasshiya, wadda aka yi ta juyawa a kan wuta kusan yini ko fiye har ruwan jikinta ya ƙare, ita ce ta tafiya. Ki lanƙwasa kifin: in ya karye ƙaras, ya bushe, in ya lanƙwasu kamar roba, da sauran ruwa. Ki buɗe cikin guda ɗaya ki duba ko da fumfuna ko ƙwari. Gara ki saya a wurin masu bandar, a unguwannin da ke bayan kasuwa inda za ki ga murhun laka da tire-tiren waya an jera su bisa juna hayaƙi na fita, ya fi araha kuma kin ga na ranar. A naɗe da takarda, irin ta buhun siminti mai tsabta ko jarida, a sa a kwando ko kwali mai huji. Leda ce take kashe shi, tana sa shi gumi, kafin Kumasi ya yi fari. Da kun isa a baza shi ya sha iska, in da hali a sake nuna masa wuta.

In ɗanye za ku saya a gasa muku, ki duba ido ya zama garau, matsefin ja, nama in an danna ya dawo. Ba duk kifin da ke kasuwar ne kamun daren ba, akwai na ƙanƙara da aka narkar.

Malamin Tarihi:

Alhaji, gidan bayin ku bar shi zuwa bayan kun karya kumallo kun huta, wajen ƙarfe 9 zuwa 10, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Hukumar gidajen tarihi ta Ghana ce take kula da shi. Ana biya a ƙofa, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, yara kuma da rangwame. Ana haɗa ku da ɗan rakiya mai bayani da Turanci, zagayen kamar awa guda ne. A waje samari za su tambayi sunanka, kafin ka fito sun rubuta shi a jikin katantanwar teku suna neman kuɗi. In ba ka so, ka ƙi ba da sunan cikin fara'a tun farko.

Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 ƙarƙashin Diogo de Azambuja, kuma shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ya rage a Afirka kudu da Sahara. Zinariya ce ta kawo su. Daga baya ɗakunan ajiyar kaya na ƙasa suka koma kurkukun mutane. Turawan Holan sun ƙwace shi a 1637, suka riƙe har 1872 da suka miƙa wa Ingila. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Za a kai ku kurkukun maza da na mata, ɗakuna masu duhu da 'yar kafar iska. A tsakar gidan mata ka ɗaga kai ka ga barandar da gwamna yake tsayawa ya zaɓi wadda yake so. Akwai ɗaki mai hoton ƙoƙon kai a saman ƙofa, inda ake kulle wanda ya yi tawaye ba ci ba sha har ya mutu. Sai ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, 'yar siririya, mutum ɗaya take ɗauka. Babban yaron ya kamata ya ga duka, a kuma yi masa bayani. Ƙaramar kuwa ina ganin a bar ta a tsakar gida da mahaifiyarta lokacin da za a shiga ɗakin mutuwar, don wani ɗan rakiyar yakan rufe ƙofa na ɗan lokaci domin a ji yadda duhun yake.

Tunda Kumasi za ku, ka roƙi a nuna muku ɗakin da aka tsare Sarkin Asante mai fada a Kumasi, Prempeh na Ɗaya, a 1896, kafin a kai shi Saliyo, daga can kuma tsibirin Seychelles. Kuma labarin bai tsallake mu ba. A yaƙin Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874 akwai sojojin Hausa da aka kawo daga Legas a ɓangaren Ingila. A watan Yunin 1873 ɗin ne Ingila ta yi wa tsohon garin Elmina ruwan igwa ta ƙone shi, saboda mutanensa sun ƙi yarda da mulkinta. Filin nan da za ka gani fayau a gaban gidan, nan garin yake a da.

Da la'asar ku hau tudun da ke tsallaken gada, inda ƙaramin sansanin St. Jago yake. Daga kan tudun nan Holan suka saita igwa suka karɓe gidan, shi ya sa da suka ci nasara suka gina sansani a kai don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi. Hawan minti goma ne, yana da ɗan tsayi, amma daga sama za ku ga gidan bayin, da tafkin, da filayen da ake shanya ruwa ana kwasar gishiri. A hanyar Kumasi kuma, in shatar mota kuka yi, ku tsaya Assin Manso, inda rafin da ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe yake.

Ɗan Zangon Kotokuraba:

Na ga ba a amsa maganar wata ba. Mayu da Yuni ruwan sama ya fi yawa, teku kuma yakan yi fushi, ban da su. Agusta zuwa Satumba ne lokacin kifi, ruwan teku yana sanyi, ƙananan kifaye suna tasowa, gari ba zafi, ga shi ya dace da hutun makaranta. Disamba da Janairu ba ruwa, amma masauki yana tsada saboda baƙi daga ƙasashen waje, sai an kama tun da wuri.

Yuli sai an yi hattara. Talatar farko ta watan ake bikin Bakatue, na buɗe tafkin Benya, ana tseren kwale-kwale da jerin gwanon sarakuna, amma akwai tsafe-tsafen gargajiya a ciki, kuma gari yana cika maƙil. Sannan a 'yan shekarun nan gwamnati ta sha rufe kamun kifi a watan Yuli don kifi ya hayayyafa, kuma sharuɗɗan suna canzawa daga shekara zuwa shekara. In Yuli ne kaɗai damarku, ka sa danginka su bincika ko an rufe wa masu kwale-kwale a bana kafin ka yanki tikiti.

Malamin Tarihi, ka manta da dajin Kakum. Dajin yana arewa da Cape Coast, kamar awa guda daga Elmina, da gadojin igiya bakwai a saman bishiyoyi, wajen mita 30 zuwa 40 daga ƙasa. Zai shiga safiyar Juma'a: ku leƙa gadar Elmina ƙarfe 6, ku tashi 7, ku dawo Kotokuraba kafin huɗuba. Akwai hawan tudu kafin a kai gadojin, kuma in an shiga ba a juyowa a tsakiya, don haka a tambayi 'yar ƙaramar tun a ƙasa ko za ta iya.